Dulwich: Hajar Sarki da Ta Zama ta Jama'a

Gidan zane-zane na Dulwich da ke kudancin Landan shi ne gini na farko a Ingila da aka tsara musamman domin jama'a su shiga su kalli zane. Sai dai kayan da ke cikinsa asalinsu haja ce da ta yi kwantai.

A 1790 Sarkin Polan, Stanisław August, ya ɗora wa dillalai biyu mazauna Landan, Noël Desenfans da Francis Bourgeois, aikin tara masa zane-zanen manyan gwanayen Turai na da. Shekara biyar suna saye. Kafin kaya su isa, Rasha da Furusiya da Ostiriya suka gama yanyanka Polan a 1795, sarki ya sauka. Dillalan suka kai tayi Rasha, suka kai wa gwamnatin Birtaniya, ba wanda ya saya. Da Bourgeois ya rasu a 1811, sai wasiyyarsa ta bar kayan ga Kwalejin Dulwich, aka buɗe wa jama'a ƙofa a 1817.

Wannan tarihi shi ya sa tarin yake yadda yake. Abin da fada ke so a wancan zamani aka saya: aikin ƙarni na 17 da na 18, su Poussin da Rubens da Murillo. Mai neman zanen Italiya na farko-farko zai fita da ƙishirwa. Wato abin da ake nuna mana a matsayin gwaninta, idon dillali da aljihun sarki ne suka fara tace shi.

Amma fa dillalan suna da ido. Dubi yarinyar da Rembrandt ya zana a 1645, ta jingina hannuwanta a kan dakalin dutse, sanye da farar riga, yatsunta a wuyanta. Ba sarauniya ba ce, ba a ma san sunanta ba, amma da wuya mutum ya wuce ta bai tsaya ba. Wani ƙaramin zanen Rembrandt, na Jacob de Gheyn, sau huɗu ɓarayi suna ɗauke shi, sau huɗu yana dawowa.

Rabin martabar gidan na mai tsara ginin ne, John Soane. Ya bar bango ga zane, ya sa haske ya sauko daga rufi, dabarar da gidajen zane da yawa suka kwaikwaya daga baya. A tsakiyar ginin kuma ya yi hubbare inda Desenfans da matarsa Margaret da Bourgeois suke kwance, dillalai ba su rabu da hajarsu ba ko bayan mutuwa.

A 2015 masu kula da gidan suka cire wani zanen Fragonard, suka rataye kwafinsa mai araha da aka yi a ƙasar Sin, suka ce maziyarta su gano jabun. Mafi yawan waɗanda suka gwada sun kasa. A ganina wannan ya fallasa cewa yawancinmu sunan da ke ƙarƙashin zane muke girmamawa kafin mu kalli zanen kansa.