Rigar Ƙwallo a Titin Romi

Bahaushe ya raba sutura gida biyu: manyan kaya da ƙananan kaya. Babbar riga, kaftani da hula, zane da ɗankwali, su ne manya. Shat da wando da kwat, duk abin da ya biyo Bature, su ne ƙanana. Rabon nan ya daɗe yana aiki, amma wanda ya tsaya bakin titi a Unguwar Romi ta Kaduna da hantsi ya ƙare wa masu wucewa kallo, zai ga wani reshe na ƙananan kaya ya yi ƙarfi har ya kusa shanye sauran. Mai keke napep sanye da rigar Chelsea. Budurwa mai POS a ƙarƙashin laima da wandon motsa jiki da kambas. Birkila ya ɗora hular hana-sallah, wandonsa mai layi uku a gefe ya sha siminti. Ɗalibi ya rataya jaka, rigarsa mai hula, ƙafarsa da safa cikin silifas. Kaf ɗinsu babu mai hanyar filin wasa. Aiki za su, ko kasuwa, ko makaranta.

Wannan shiga Turawa ke kira athleisure, wato kayan da aka yi musu yankan wasanni amma ake sawa don zirga-zirgar yau da kullum, kuma kalmar ta shiga ƙamus ɗin Merriam-Webster a 2016. Bambancinsu da kayan wasa na ainihi ba wuyar ganewa. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, kariyar ƙwauri, safar hannun gola, duk an yi su ne don aiki guda, kuma ana tashi daga wasa ake tuɓe su. Abin da ya tsallako titi shi ne wanda mutum zai iya wuni da shi: yadi mai miƙewa, ƙugu na roba, ba maɓalli, ba bel, ba kari da za a kiyaye. Kamfanonin ma sun san da haka, shi ya sa suke fitar da rigar kulob iri biyu. Akwai ta 'yan wasa, shara-shara mai kama jiki, akwai kuma ta 'yan kallo, mai ɗan yalwa, wadda aka ɗinka da sanin cewa gumin minti casa'in ba zai taɓa ta ba.

A can inda abin ya faro, sannu a hankali ya taho. René Lacoste, ɗan wasan tanis na Faransa, ya fara sayar da rigarsa mai gajeren hannu a 1933. A 1958 Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya ƙirƙiro zaren nan mai miƙewa kamar danƙo, wanda in ba shi da babu matsattsen wandon da ake gani yau. Adidas ya fitar da riga da wandon atisaye da sunan Franz Beckenbauer a 1967, kamfanin Admiral kuma ya fara sayar wa magoya baya irin rigar Leeds United a 1973. Mawaƙan Run-DMC na Amurka suka hau dandamali da kayan Adidas har kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su a 1986. Daga baya Lululemon, wanda aka kafa a Kanada a 1998, ya mai da wandon motsa jikin mata abin zuwa kanti da shan shayi, ana sayen guda kusan dala 100. Kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin, da ma'aikata suka koma yin aikin ofis daga ɗaki. A waɗancan ƙasashe shigar tana da saƙon da take isarwa: mai ita yana da lokacin kansa, yana da kuɗin shiga gidan motsa jiki, yana kula da lafiyarsa. Tufar mai hutu ce.

A Romi kuwa tufar marar hutu ce, kuma nan ne nake ganin duk wanda ya ɗauko bayanin Turai ya ɗora wa matasanmu ya yi kuskure. Romi tana ƙaramar hukumar Chikun, kusa da hanyar Abuja, tana maƙwabtaka da unguwannin Television da Gonin Gora. Unguwa ce ta masu neman na kansu: ƙananan ma'aikata, malaman makaranta, makanikai, masu shago, 'yan fansho, da ɗimbin matasan da suka gama karatu suna jiran aiki. Gbagyi ne 'yan ƙasa, sai Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauran mutanen kudancin jihar, ga Ibo da Idoma da Tibi, Hausa da Turancin buroka ke haɗa su a kasuwa. Mutumin da ke rayuwa a nan lissafi yake yi kafin ya sa riga, kuma lissafin a fili yake.

Kaftanin shadda yana son wanki na tsanaki, yana son sitaci, yana son guga. Guga tana son wuta, wuta kuma sai ranar da aka kawo. In ba haka ba a nemi gawayi ko a biya mai wanki da guga. Rigar ƙwallo kuwa a jiƙa ta da dare, a matse, a shanya a igiya, kafin asuba ta bushe, ko da a tsakiyar Agusta ne lokacin da rana ke kwana biyu ba ta leƙo ba. Ba ta yamutsewa. Jar ƙurar hunturu da taɓon damina ba sa kama ta kamar yadda suke kama farin yadi. In sanyin Disamba ya sauko, ɗan acaba da zai fito tun duku-duku ba abin da ya fi masa riga mai hula da wando mai kauri. Sai kuma kuɗi: mai son kaftani zai sayi yadi, ya biya tela, ya yi ta sintiri yana jiran alkawari, mai son wandon motsa jiki zai tsuguna gaban ɗan gwanjo ya zaɓa, ya sa a take.

Gwanjo ita ce babbar ƙofar da kayan nan suka shigo ta cikinta. Duk da cewa tsofaffin tufafi suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, diloli ba su fasa ratsowa ta Kwatano ba, su iso Kasuwar Barci a Tudun Wada, su bazu zuwa kasuwar Litinin ta Kakuri da Sabon Tasha da gefen titunan unguwanni. Ranar da aka fasa sabuwar dila masu ido ke rigegeniya, don a ciki ake tsintar Nike ko Puma na asali da bai sha jiki ba. Abin lura shi ne yadda kasuwar can ke juya ta nan. Da mutanen Turai da Amurka suka ƙara sayen kayan motsa jiki, sai irinsu suka ƙaru cikin abin da suke zubarwa, dila kuma ta sauya fuska. A cikinta ake samun rigar tseren wani gari da ba wanda ya taɓa jin sunansa a nan, ko ta ƙungiyar kwando ta wata makarantar Amurka. Wanda ya saya bai damu da rubutun ba. Ƙarfin yadin da farashin ya duba.

Amma da araha kaɗai ce, da kowace riga ma ta wadatar. Rigar ƙwallo tana da wani matsayi na daban a Kaduna, domin garin ƙwallo ne tun asali. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ƙungiyar ƙwallon Najeriya da ta ciyo zinare a Atlanta a 1996 cike take da 'yan Kaduna: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2, Celestine da Amokachi ne suka jefa biyun farko. Da Celestine ya koma Chelsea a 1997, Kanu ya tafi Arsenal a 1999, Mikel ya biyo baya zuwa Chelsea a 2006, sai gidajen kallon ƙwallo suka cika kowane lungu, yaro ya tashi yana da kulob kafin ya san sunan gwamna. Wanda ya sa rigar Arsenal ranar Litinin bayan an ci wasa, magana yake yi ba tare da ya buɗe baki ba, kuma tun daga bakin ƙofa har tasha za a yi ta amsa masa.

Akwai kuma wani aiki da rigar nan ke yi wanda ba a cika faɗa ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Rikicin addini na 2000 da na 2002 sun raba Kaduna biyu. Kiristoci da yawa suka tattara suka koma kudancin kogi, Musulmi suka koma arewa, unguwanni irin su Romi suka tumbatsa da waɗanda suka baro gidajensu a tsallake. A garin da ya ga irin wannan, tufa ta zama shaida. Hula da kaftani suna faɗin wani abu, sarƙa mai gicciye tana faɗin wani, kuma akwai iyayen da har yau sukan dubi shigar ɗansu kafin ya haye gada. Rigar Manchester United ba ta faɗin addinin mai ita, ba ta faɗin ƙabilarsa. Yaron Romi da yaron Rigasa ta tsallaken kogi suna iya sa iri ɗaya, su zauna kujera ɗaya a bas, musun da zai haɗa su bai wuce na wa ya ɓarar da fenariti ba. Ba na cewa riga ta warkar da abin da ya faru. Raunin ya fi ƙarfin yadi. Amma samarin da aka haifa bayan rabuwar sun samu wata sutura da suke tarayya a cikinta, a lokacin da makaranta da unguwa da wurin ibada duk suka raba su, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka shigar tana da iyakarta, mutanen Romi kuma sun san inda take. Ranar Lahadi atamfa da leshi da kwat ke fita, matan Zumuntar coci su yi ankonsu. Ranar Juma'a kaftani ne da hula. Ba mai zuwa gaisuwar surukai ko neman aure da gajeren wando, ko da kuwa kuɗinsa ya fi na shadda. Dattawa ba su yi na'am da ita ba, kuma ƙinsu yana da tushe. A al'adarmu yawan yadi shi ne girma, sutura aikinta ta ɓoye jiki. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna da shigarsu, walki da bante da layu, amma a fage take tsayawa, ba wanda ya taɓa shiga kasuwa da ita. Sabuwar shigar ta zo da akasin haka, tana bin jiki tana nuna shi. Nauyin maganar ya fi faɗawa kan 'yan mata: wandon da saurayi zai sa ba a ce masa uffan, budurwa ta sa irinsa sai unguwa ta ɗauka. Da yawansu sun samo mafita da kansu, su ɗora doguwar riga ko hijabi a kan matsattsen wando, ƙafa da kambas. Samari ma sun fara haɗa kaftani da farin kambas, har a wajen biki. Shi kansa wandon yayi mai faɗi a sama da tsukakken baki ba baƙo ba ne a idon Bahaushe, don yankansa bai yi nisa da wando mai kamun ƙafa na mahaya dawaki ba.

Inda nake da damuwa shi ne yadin. Yawancin kayan nan na roba ne, daga man fetur aka samo zarensu. Na asali an saƙa shi yadda zai fitar da gumi, amma na jabu da ya cika kasuwa sai ya riƙe zafi da wari, ya sa ƙuraje a watan Maris da Afrilu. Mafi muni, roba ba ta ci da wuta kamar auduga, narkewa take ta manne a fata. Mai walda, mai suya, mai tuyar ƙosai, mai sayar da fetur a galan, duk ana ganin su da rigar ƙwallo a bakin wuta, ba tare da an taɓa gaya musu haɗarin ba. Jabun kuwa ya kai inda ya kai. Da Nike ya fito da rigar Super Eagles ta gasar duniya ta 2018, mai zanen kore da fari, hukumar ƙwallon ƙasa ta ce an yi odar miliyan uku, mutane suka yi layi a Landan, ta ƙare a ranar da ta fito. Farashinta a lokacin wajen dala 90 ne. Wadda talakan Najeriya ya sa ya yi murnar ƙasarsa da ita, kwaikwayo ce da aka yo a Asiya.

Wannan ya fi ciwo a Romi fiye da ko'ina, saboda tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninta da Kakuri. A can gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles ta zo da jarin Japanawa. Dubban mutanen da suka gina gidaje a kudancin kogi da albashin masaƙa suka gina su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, wasu ma'aikatan suka rasu suna jiran haƙƙinsu. 'Ya'yansu da jikokinsu ne ke yawo yau da tufafin da ko zare ɗaya ba a kaɗa a ƙasar nan ba.

Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da masaƙu, atamfa da shadda da kakin sojoji ake ambata, ba a duba abin da ke jikin matasa kwana shida cikin bakwai. Tsoffin masaƙun, yadi mai tsayuwa suka saba yi, na zare a tsaye da zare a kwance. Kayan wasanni kuwa saƙar sarƙa ce irin ta singileti, injinta daban, rininta daban. Telan Romi ma da kekensa na Butterfly ba zai iya da ita ba, don ɗinkin miƙe yana tsinkewa da zarar yadin ya ja. Sai da keken da ke datse baki yana naɗewa, da wutar da za ta juya shi. Kasuwar kuwa tana nan a ƙofar gida. Kowace makarantar unguwa tana buƙatar rigunan wasannin gidaje duk shekara, ƙungiyoyin matasan coci suna buga riguna, haka masu shirya gasar ƙwallon Kirsimeti, ga 'yan hidimar ƙasa da fararen riga da gajeren wando a kowane zango. Masu buga suna da lamba a bayan riga suna nan birjik a Kaduna, sun kuma iya aikinsu, sai dai rigar da suke bugawa a kai daga waje take zuwa cikin kwali. Audugar Funtuwa da Zariya, in aka saƙa ta saƙar sarƙa aka ɗan surka mata zare mai miƙewa, za ta ba da rigar da ta fi ta roba daɗi a zafin Afrilu, kuma ta fi ta roba aminci ga mai walda gaban tartsatsi.