Jinjina ga Ɗalibai Masu Darasin Hutu

A Funtua da Malumfashi akwai ɗaliban da hutunsu ba na kwanciya ba ne. Da sun dawo daga ABU Zariya ko jami'ar Dutsin-Ma, sai su ari ajin firamare, su tara ƙannen unguwa masu shirin JAMB da NECO, ba a biyansu ko sisi. Yaron da ya yini yana zuba wa masara taki, ƙafa duk taɓo, shi Yaya zai miƙa wa alli: "Taso ka warware mana wannan lissafi."

A ganina, lissafin ƙaramin aikinsu ne. Su ke gano yarinyar da ta dace da makarantar ungozoma ta Malumfashi, su durƙusa a zaure su shawo kan Baba, sannan su cike mata fom.