Banjo marar matakai: me ake gyarawa, me ake saidawa?

A kasuwar tsofaffin kayan kiɗa ta Amurka, banjon ƙarni na 19 marar matakai yana da daraja. Matakan nan su ne ƴan ƙarafan da ake gittawa a wuyansa don yanka wa kowane amo iyaka, kuma ba su zama ruwan dare ba sai wajejen 1880. Kafin nan yatsa zamewa yake yi bisa itace sumul, tamkar na mai gurmi ko molo.

Kamannin yana da tushe. Bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙago banjo a tsibiran Karayib, da duma da fata da tsirkiya. Wanda Victor Schoelcher ya samo a Haiti a 1841 yana gidan tarihin kiɗa na Paris. A shekarun 1840 William Boucher na Baltimore yana ƙera shi da zoben katako irin na ganga, lokacin da fararen ƴan wasa masu shafa baƙi a fuska suke yaɗa shi, suna yi wa baƙar fata izgili.

Masu gyara don saidawa sun kasu biyu, kuma kowanne da laifinsa. Na farko yana neman ciniki cikin gaggawa: ya dasa matakai, ya sa roba a madadin fatar maraƙi, ya ɗaura waya inda tsirkiyar hanji take. Waya tana lanƙwasa wuyan da ba a sassaƙa don jurar ƙarfinta ba, matakai kuwa suna kashe amon tsakani, wanda shi ne ran wannan kiɗa. Na biyu yana tsoron taɓa komai kar farashi ya faɗi, sai banjon ya ƙare a bango, bebe.

Gyara na ƙwarai shi ne a sabunta abin da dama yake mutuwa, wato fata da tsirkiya da jaki, a bar itacen da tabonsa, kuma a faɗa wa mai saye duk abin da aka canza. Tarihin ma haƙƙinsa ne: wanda ya saida banjo bai ambaci bauta da izgilin nan ba ya ɓoye aibin haja.

Ƙungiyoyinmu masu adana molon makaɗan da suka rigaye mu, wannan tambaya tana jiran su: gawar kaya za a ajiye, ko muryarsa?