Ku bar hazo ya fito a hoto

A watan Janairun da ya wuce na tsaya a bakin Dam ɗin Tiga da hantsi, hazo ya sauka har ba a iya hango tsallaken ruwa. Ɗan ƙanena da muka taho tare daga Yako ya ɗauki hoton wani masunci a kwale-kwale, ya koma gefe yana ta latse-latse a waya. Da ya miƙo mini, ga masuncin nan, ga kwale-kwalensa, amma a bisansu sararin sama shuɗi ne, da gajimare fari tas kamar sabuwar auduga. Na ce, "Kai, wannan gajimaren daga ina?" Ya ce, "Baffa, ai na ainihin ƙonewa ya yi, fari fat ya fito, shi ne na canza."

Ban ga laifinsa a kan ƙonewar ba, don matsala ce ta gaske. Idon mutum yana iya kallon sama mai haske da gindin bishiya mai duhu a lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. In ta auna haskenta da ƙasa, sama ya wanke ya zama farar takarda, kuma inda ya kai fari fat babu abin da ya rage da za a ceto. In ta auna da sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yake fama da wannan a bakin teku, har ya riƙa ɗaukar ruwa a gilashi ɗaya, sama a wani gilashin, ya haɗa su wajen wanki. Shi yana da uzuri, sinadarin zamaninsa ba ya iya riƙe su biyun. Abin da ya sauya shi ne arha: manhajar Luminar ta fito da canza sama a 2019, Photoshop ya biyo baya a 2020, yanzu kuwa yaro da waya a hannu yana yi da latsi ɗaya.

Ni abin da yake ci mini rai shi ne, a ƙasarmu sama shi ne yake faɗin lokaci. Manomi a Kiru ko Tudun Wada ba ya buƙatar kalanda. Da ya ɗaga kai ya san ko hunturu ne, ko bazara ta matso, ko damina ta kankama. Ka nuna masa hoton gona a bushe ƙayau, karan dawa a tare, sannan gajimaren damina a kai, nan take zai gane an haɗa abin da ba ya haɗuwa. Ruwa ma yana tona asiri. A hoton yaron nan ruwan Tiga launin toka ne, domin hazo yake haskawa, inuwar masuncin kuma a dishe take, alhali in sama ya washe haka rana tana yanka inuwa sosai.

Kuma hazon nan da ake gudu, kyau gare shi. Ƙura ce da iska take kwasowa daga Hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Duk wanda ya taɓa kallon duwatsun Riruwai a Disamba ya san yadda suke jeruwa, na kusa da duhu, na bayansa ya ɗan koɗe, na can nesa kamar hayaƙi. Shuɗin saman aro yana kashe wannan gaba ɗaya. Mai son hadari ya yi haƙuri har Agusta, ya bi hanyar Jos ta dajin Falgore, zai ga hadari ya haɗo baƙi wuluk a kan ganye kore shar.

Kauce wa ƙonewar sama ba wuya. Ka taɓa sama a fuskar wayar, ka ja alamar ranar da za ta fito ƙasa har farin ya fara nuna launi. Ƙasa za ta yi duhu, amma duhu yana ɗaguwa daga baya fiye da yadda ƙonewa take gyaruwa, musamman in wayarka tana ɗaukar RAW. HDR ma ban ƙi shi ba, tunda hotuna ne na sama guda a daƙiƙa guda ake haɗawa, in dai ba a cika masa gishiri ba. Ka fita daga fitowar rana zuwa hantsi, ko la'asar sakaliya, ka bar tsakar rana. Ka goge gilashin kyamarar, don ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna ƙara wanke hoto. In sama babu komai, ka rage masa fili, ko ka sa kuka ko giginya ta tsaya a cikinsa.

An gama Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma in muka ga tsohon hotonsa muna yarda cewa haka wurin yake a ranar. Ina so jikokinmu su iya yarda da namu haka.

Kafin mu tafi na sa yaron ya sake ɗauka. Ya ja hasken ƙasa sau biyu, masuncin ya koma baƙar inuwa a kan ruwa, rana kuma ta fito a cikin hazo kamar farin faifai, har ana ganin gefenta. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Baffa, jira in ƙara ɗaya kafin ya jefa birgi."