Jiran da Ba a Yanka Masa Rana Ba

Dajin da ya taso daga Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, ya haɗe da na Kuyambana har cikin Zamfara, maɓoyar 'yan bindiga, ya tilasta wa majami'un yammacin Kaduna sake duba wata tsohuwar koyarwa da a dā ake wa'azinta cikin kwanciyar hankali: cewa mai bi yana jiran cikar alkawarin Allah. A garin Birnin Gwari kansa Musulmi ne suka fi yawa, kuma su ne mafi yawan waɗanda aka kashe ko aka sace a can. Amma daga Buruku zuwa Udawa, da sauran ƙauyukan Gbagyi na Chikun da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, akwai ikilisiyoyin Baptist da ECWA da Katolika masu yin sujada da Hausa, suna karanta Littafi Mai Tsarki da aka fara fitar da shi cikakke a harshen tun 1932. A wurinsu jira ya zama aiki mai tsari, da lokutansa da kalmominsa.

Tsarin sananne ne. Da zarar an kwashi mutane, sai dattawan ikilisiya su sa azumi da addu'a. Zumuntar Mata kan tare a gidan da abin ya shafa, su dafa abinci, su yi waƙa, su kwana. Ba a yi wa gidan ta'aziyya, jaje ake yi: "Allah ya kuɓutar da su, Baba," "Ubangiji yana nan, Mama." Sannan akwai waya, wadda ba a rabuwa da ita ko a cikin majami'a, domin ta nan muryar daji ke shigowa. Shi ya sa lokacin da gwamnatin jihar ta katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi a ƙarshen Satumba 2021, har na kusan wata biyu, iyalai da dama suka rasa ko muryar da ke tabbatar musu cewa nasu na raye.

Babban gwajin wannan al'ada shi ne makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka sace ɗalibai 121. Aka sako 28 ranar 25 ga wannan wata, sauran suka riƙa fitowa kashi-kashi, wasu ma gudowa suka yi. Na ƙarshe bai dawo gida ba sai a Nuwamba 2023. Wannan sakin na kashi-kashi shi ne abin da ya fi wahalar da mai wa'azi. A sujada guda, uwa ɗaya tana rawa zuwa gaba da baikon godiya, maƙwabciyarta a benci ɗaya tana tafa mata alhali ɗanta yana daji. Addu'a ɗaya suka yi, azumi ɗaya. Fasto zai ce wa ta farko Allah ya cika alkawari. To, me zai ce wa ta biyu?

Amsa iri biyu ake ji. Ta farko ita ce ta masu yanka rana: wanda zai tashi a taron addu'ar dare ya ce an nuna masa cewa kafin kwana kaza za su dawo. Ba na zargin kowa da mugun nufi, domin mai kuka yana son a ba shi abin riƙewa, kuma mai faɗar sau da yawa tausayi ne ke tura shi. Sai dai idan ranar ta wuce, laifin yakan koma kan mai jira. A ce bangaskiyarta ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da ba a furta ba a gidan. Ga rashin ɗa, ga tuhuma. Littafin da suke riƙe da shi ma bai goyi bayan wannan ba. A littafin Irmiya, Hananiya ne ya yanka wa bautar Babila shekara biyu, kuma shi littafin ya ƙaryata. Irmiya ya ce saba'in, ya kuma shawarci kamammu su gina gidaje su yi shuka a inda suke.

Amsa ta biyu ta fi tsufa, kuma a ganina ta fi gaskiya. Masu ita sukan ɗauko sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni su karanta ta tun daga farko. Kowa na son labarin da ke tsakiyarta: Bitrus a kurkuku, ikilisiya tana addu'a a gidan Maryamu, ƙofofi suka buɗe, har masu addu'ar suka ƙi yarda da baiwar nan Roda da ta ce ga shi a bakin ƙofa. Amma surar ta fara ne da Hirudus ya kashe Yaƙub ɗan'uwan Yahaya da takobi. Manzanni biyu, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya. Ɗaya ya fito, ɗaya bai fito ba, kuma marubucin bai ba da dalili ba. Kaduna ta ga wannan da idonta. A Janairu 2020 aka ɗauke ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau. Uku suka dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azin jana'izarsa a watan Fabrairu. Wanda ya tsaya a wannan jana'iza ba zai iya koyar da cewa alkawarin Allah shi ne kowa zai dawo ba. Abin da zai iya koyarwa shi ne abin da sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera: masu bangaskiya da suka tsira daga takobi, da masu bangaskiya da takobin ya ci, duka a layi ɗaya. Alkawarin, a wannan fahimta, na kasancewar Allah tare da mai wahala ne da kuma tashin matattu, ba na ranar saki ba.

Koyarwa ce mai ɗaci, amma tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ba ta kunyata kowa. A nan ne ma take kusantar abin da maƙwabci Musulmi ke faɗa idan ya ambaci ƙaddara yana alƙunutu, ko da yake tushen koyarwar biyu daban ne.

Inda al'adar ke da rauni sosai shi ne maganar kuɗi. Gwamnatin jihar a ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta tsaya kan cewa ba za ta biya fansa ba, don haka nauyin ya faɗo kan iyaye da ikilisiya. A lamarin Bethel, 'yan bindigar sun fara da neman kayan abinci, sannan kuɗi, kuma shugabannin Kirista na jihar, cikinsu har da Rabaran Joseph John Hayab na ƙungiyar CAN, ba su ɓoye cewa an biya ba. Wannan faɗar gaskiya abin yabo ce, domin a sujadar godiya ta ƙauye ba kullum ake jin ta ba. Mai ba da shaida yakan ce, "'Yan'uwa, Allah ya yi," jama'a su amsa da amin, a wuce. Ba a ambaci gonar da aka sayar ba, ko buhunan masarar da aka fitar kafin farashi ya tashi, ko saurayin da ya ɗauki kuɗin ya shiga daji da ransa a hannu. An sha ganin ma an riƙe mai kai fansar. Shaidar da ta tsallake waɗannan tana ba matalaucin da bai iya haɗa kuɗi ba fahimtar cewa addu'arsa ce ba ta kai ba, alhali aljihunsa ne. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma babu abin da ya hana mai shaida ya gode wa Allah ya kuma faɗi sunan abin da aka sayar.

A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar a ƙarƙashin Uba Sani ta ƙulla sulhu da 'yan bindigar yankin Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka ƙaru a hanya. Wannan bai rufe lissafin majami'un ba. Akwai gidajen da har yanzu suke biyan bashin fansa, kuma baikon gaggawa da aka tara lokacin tashin hankali ba ya zuwa sau biyu. Akwai kuma gidajen da wayarsu ta daina ƙara ba tare da an kawo gawa ba. Nan dattawan ikilisiya ke da shawarar da za su yanke, wadda littafin tsarin sujada bai tanada ba: yaushe za a daina sa sunan mutum a addu'ar kamammu, wa zai faɗa wa matarsa, kuma ko za a yi masa jana'iza babu akwati.