Launin da ke ƙarƙashin fenti

A tsohon gidan ƙasa ba a neman launin farko a zaure, domin zaure fuskar mai gida ne, kowane magaji sai ya sake masa shafe. Bayan kabad ake dubawa, ko can saman ɗaurin guga inda hannun mai fenti bai kai ba. A wani gida cikin birnin Kano na ga an kankare bango da bakin wuƙa. Koren fentin mai ya ɓare kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinsa shuɗin bula, sai farar ƙasa hawa-hawa, daga can ƙasa kuma wani ja mai duhu da ɗan sheƙi. Makuba ke nan.

Makuba dai ɓawon ɗorawa ce, ana jiƙa ta a kwaɓa yaɓe da ruwanta don bango ya jure ruwan sama. Laso kuwa haɗin katsi ne da gashin jima da dafara, launinsa daga karofi ya samo shi. Wato maganin damina magini ya nema, launi ya biyo baya, kuma sai da marini da majemi suka sa hannu.

A Turai masu gyaran tsofaffin gidaje sukan yanki ɗan ɓarɓashin bango, su ƙirga hawan fenti a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su mayar da ɗaki launinsa na farko. Wannan dabara ba ta zauna wa gininmu daidai ba, a ganina. Gidan ƙasa kullum cikin sabuntawa yake: bayan damina a yi yaɓe, salla ko biki ya matso mata su shafa farar ƙasa. To wanne ne na asali? Gidan Makama ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, amma ba mai cewa yaɓen da ke jikinsa yau na zamanin Rumfa ne. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, bakan gizonsa da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai aka riƙa zuwa kallo, ba launinsa ba.

Launukan nan masu haske da ke fuskar gidajen Zariya da Damagaram, dagi da keke da jirgin sama, da fentin kanti suka yawaita a ƙarni na 20. Suna da kyau, ba musu. Sai dai fentin mai da siminti suna hana bangon ƙasa shan iska, damshi ya maƙale, ginin ya ruɓe ta ciki yana ƙyalli ta waje.

A gidan nan na Kano, ana cikin kankarar bangon tsohuwar gidan ta matso, ta ɗora yatsa a kan shuɗin bular. "Kai yaro, tsaya nan," in ji ta. "Wannan na jerena ne, shekarar da aka kawo ni."