Ɗan Fito da Karatun Iska

Paikon Kore garin tudu ne. Noma da kiwo da cin kasuwa aka san mutanensa da su, kuma ruwan da yawancinsu suka saba gani bai wuce Usuma da ya ratsa Gwagwalada ba. Amma a watan Oktoba na 2022, da ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a Koton Karfe, tankokin mai suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki har fetur ya yi wuya a Abuja, matafiyan da suka matsu sai da suka damƙa rayukansu da kayansu a hannun masu kwalekwale. A lokacin ne mutanen tudu da yawa suka fara lura cewa mutumin nan mai naɗaɗɗen wando, da ake yi wa kallon ɗan dako, yana da ilimin da direban tirela ba shi da shi.

Tuƙi shi ne ƙaramin ɓangaren wannan ilimi. Yaro ɗan shekara goma a Yauri ya iya riƙe filafili, kuma jan igiyar injin Yamaha ba ya buƙatar malami. Abin da ke cin shekaru kafin ya zauna a kan mutum shi ne sanin abin da ruwa zai zama nan da awa ɗaya, alhali yanzu yana kwance lumui.

Inda ya fi dacewa a ga wannan gwaninta shi ne tafkin Kainji. Da aka gama madatsar a 1968, Kwara, wato kogin Neja, ta kumbura ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ta haɗiye tsohuwar Bussa, aka tashi mutane sama da 40,000. Sarkawa da Gungawa da sauran mazauna bakin kogi sun gaji sanin ruwa mai gudu daga kakanninsu: ina duwatsu suke, ina ruwa ke juyi, ina dorina ke kwana. Wannan yanki ne mai gurguzun duwatsu da ya ci Bature Mungo Park a 1806. Kwatsam sai ga su a bakin ruwa mai faɗin da a tsakiyarsa ya haura kilomita 20, wanda ke tayar da igiyar da iyayensu ba su taɓa gani ba. Babu wanda ya buɗe musu makaranta. Da ido da haƙuri, da asarar da ba a so tunawa, suka koyi halin sabon ruwan, kuma wannan kaɗai ya isa a jinjina musu.

Abu uku ke haɗuwa su haifi igiyar ruwa: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan sararin ruwan da ta bi ba tare da wani abu ya tare ta ba. Ɗan fito ba zai jera maka su haka ba, amma dubi yadda yake zaɓar hanya. In iska daga gabas take, sai ya bi gaɓar gabas ya raɓe a inuwar tudu, domin a nan iskar ba ta samu filin da za ta tara ruwa ba. Can gaɓar yamma kuwa, inda ta iso bayan ta share faɗin tafkin gaba ɗaya, a nan igiya ke tsayuwa. Fasinja na ganin an yi zagaye an ɓata masa lokaci, mai jirgi kuwa ya sayi lafiya ne da litar mai biyu. Haka kuma ya fi son sammako, saboda da asuba ruwa a kwance yake, sai rana ta gasa ƙasa iska ke tashi.

Kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, kuma babbar matsalarta hazo: gaɓa ta ɓace, tsibiri ya ɓace, mutum ya koma dogara da inda iska ke dukan kuncinsa da kuma ɓangaren da ƙananan igiyoyi ke bugun jirgi. Da damina ta zauna, iskar kudu maso yamma ce mai ɗauko laima daga teku, tana da naci amma ba ta da yaudara. Wadda ake tsoro ita ce ta tsakani, wato hadarin gabas na bazara da na ƙarshen damina.

A kan wannan hadari ne ake gane gwani. Yinin yakan fara da zafi mai nauyi, iska ta ɗauke ɗif, gumi ya ƙi bushewa. Can da la'asar sai gabas ta yi baƙi, gajimare ya yi gini sama, ƙasansa ya miƙe kamar an ja layi. Mutumin tudu yana duban wannan ya ce da saura, tunda ko yayyafi ba a fara ba. Mai jirgi ya san ruwan sama ba shi ne abokin gaba ba. Iskar da ke riga shi isowa ita ce, domin sanyin da ke zubowa daga cikin gajimaren yakan faɗo ƙasa ya bazu gaba da gudu, ya iso mintuna kafin ɗigon farko. Alamunta a bayyane suke ga wanda ya sani: wani sanyi-sanyi a bayan wuya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsuntsaye su nufi gaɓa, sannan wani baƙin zane ya bayyana a fuskar ruwa can nesa yana matsowa. Wanda ya jira ganin wannan zanen kafin ya juya ya makara. Irin wannan hadari yana iya cin kilomita 50 a awa, jirgin katako mai lodi kuwa ko rabin haka ba ya yi. Akwai ma lissafi mai sauƙi da kowane fasinja zai iya: tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce.

In kuwa iskar ta rutsa da mai jirgi a tsakiya, sai ka ga aikin hannu. Ba ya ba igiya haƙarƙarin jirgi ko sau ɗaya. Yakan fuskance ta da goshin jirgin a ɗan karkace, ya rage wuta in zai hau, ya ƙara kaɗan in ya sauka, don kada goshin ya nutse cikin ta bayanta. Yaron jirgi da ke tsakiya yana ta kwarfar ruwa ba tsayawa, domin ruwan da ya taru a ciki yana gudu gefe guda duk lokacin da jirgi ya karkata, ya ƙara masa nauyi a inda ba a so. Murya kuma ba ta tashi. "Iya, zauna ƙasa. Malam, kada kowa ya miƙe." Mutum biyar da suka zabura gefe ɗaya sun fi igiya kifar da jirgi.

A kogi lissafin ya sake. Daga Jebba zuwa wajen Baro, Kwara gabas ta fi fuskanta, don haka hadarin gabas gaba da gaba yake yi da gudun ruwa, igiyar ta zama gajeriya mai tsini, mai wuyar hawa. Kede, Nufawan ruwa da sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, sun daɗe da sanin wannan. Sannan Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa na wajen Satumba, mai laka, daga ruwan saman ƙasarmu. Akwai baƙin ruwa da ke isowa tsakiyar hunturu, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta. Kowannensu yana sauya inda yashi ya taru. A Kainji kuma, in ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya binne sukan matso kusa da sama. Ɗan lanƙwasar da ruwa ya yi a wuri guda, wanda ni da kai ba za mu kula ba, shi ke gaya wa mai jirgi akwai abu a ƙasa.

To, in ilimin ya kai haka, me ya sa ake ta jana'iza? A Mayun 2021 jirgi ya tarwatse kusa da Wara a jihar Kebbi da mutane fiye da 150 a ciki, kaɗan suka tsira. A Yunin 2023 'yan biki sama da 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa cikin dare. A Oktoban 2024 aka sake yi a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, nan ma da dare. In ka bi labaran, abubuwan da ke maimaituwa su ne lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Duhu yana rufe duk alamun da muka lissafa. Lodi kuma yana cinye tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa, in ta koma ba ta fi tafin hannu ba, gwanintar duniya ba ta da wurin aiki. A ganina ilimin bai gaza ba, an fi ƙarfinsa ne. Ranar kasuwa ce, mai kaya yana gaggawa, mai jirgi yana da kuɗin mai a wuyansa, kuma in dattijo ya ce a dakata, ga wani matashi a gefe da zai ce a shigo.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen yanayi kullum. Duka biyun suna da amfani, sai dai hasashe na faɗin abin da zai faru a jiha ne, ba abin da zai faru a wannan mashigi kafin magariba ba. Wannan sai mutumin da ya tsufa a wurin. Shi ya sa nake ganin a kowane mashigi ya kamata a bai wa Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi iko na gaske, wanda hukuma ta tsaya masa: a riƙa turo masa hasashen NiMet ta waya cikin Hausa ko Nufanci, ya haɗa da abin da idonsa ya gani, in ya ce yau ba a tashi, babu jirgin da zai kwance igiya, wanda ya saɓa kuma a karɓe injinsa.